Ciyawar Tekun da Digiri 23 Ke Kashewa

A Roskof, wani ƙaramin garin bakin teku a yankin Britani na Faransa, sau biyu ruwa ke janyewa a rana. Ranar da janyewar ta yi nisa, sai ga duwatsu lulluɓe da wata doguwar ciyawa mai ruwan ƙasa, ganyenta a tsattsage, in ka taɓa ga sanyi ga yauƙi. Masana na ce mata Laminaria digitata. Ba ta da saiwa, dutse take kamawa gam.

Ni ɗan Deule ne, na tashi a Adar inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Shi ya sa na daɗe ina jinjina abin da na ji a Roskof: ruwa in ya kai wajen digiri 23 ya zauna haka, ciyawar nan mutuwa take. Tun daga wajen 18 ma haihuwarta ke tsayawa. Ga teku kuma sai ƙara ɗumi yake.

Amma Allah bai bar ta hannu rabbana ba. Tana tara aidin, sinadarin nan da ake sa mana a gishiri saboda maƙoƙo, ninki dubbai na wanda ke cikin ruwan. In rana ta doke ta sai ta sake shi, ya tare mata ɓarna. A tokar ciyawar teku ma aka fara gano aidin, a 1811. Tana kuma ƙera wasu furotin masu gyara abin da zafi ya lalata a jikinta. Abin da ya fi burge ni ƙananan 'ya'yanta ne da ido ba ya gani: sun fi uwar jimiri, sukan lafe a jikin dutse har ruwa ya huce, kamar irin ciyawa a fakon garinmu yana jiran ruwan shuka.

Mutanen Britani ma sun cancanci yabo. Tun 1872 suke da cibiyar binciken halittun teku a Roskof. A tashar Lanildut na ga jirage na sauke ciyawar tuli-tuli, wadda suka murɗo da wata ƙugiyar ƙarfe mai juyawa, amma ba mai cira sai da lasisi, kuma sai lokacinta ya yi. Sun san abin da ya sami yammacin Ostireliya a 2011, inda zafin teku ya share dajin irin wannan ciyawa na tsawon wajen kilomita 100.