Shaidar Zur a Kan Takarda

Ranar da Inna ta ji labarin ina rubuta ƙagaggun labarai, ba ta tanka ba sai ran Lahadi, muna dawowa daga sujada. Ta ce, “Wai abin nan da kake rubutawa, ya faru kuwa?” Na ce, “A’a Inna, ƙagawa nake yi.” Ta gyara mayafinta ta ce, “Ashe ƙarya muka sa ka lakwal ka koyo.”

Amsata a shirye take. Na tuna mata Yesu Almasihu da misalai ya riƙa koyarwa. Na tuna mata Annabi Natan, da ya je wurin Sarki Dauda da labarin wani matalauci mai ƴar tunkiya guda wadda attajiri ya ƙwace ya yanka wa baƙonsa. Babu tunkiyar, babu attajirin, amma labarin ne ya sa sarki ya ga laifinsa a kan Uriya. Inna ta yi shiru, ni kuwa na ɗauka na ci gari.

Ni malamin makaranta ne a Damagaram. Sai na gama duba takardun yara, gida ya yi tsit, sannan in ɗauki waya in rubuta shafi biyu ko uku. Masu karanta ni kusan duk Musulmi ne, haka mutanen cikin labaraina. Ban taɓa jin wani nauyi a nan ba. Tare muka tashi, tare muke shan shayi a fada, naman layyarsu na shigowa gidanmu, shinkafar Kirsimeti tana shiga nasu.

Sai ga Juma’a, 16 ga Janairun 2015. Zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa ya tunzura jama’a, fushin ya sauka a kan majami’u da gidajen Kirista a garinmu, washegari ya kai Yamai. Muna cikin gida muka ji ihu yana matsowa. Maƙwabcinmu, wani tsohon tela da muke kira Baba Malam, ya leƙo ta katanga ya ce, “Mushe, ku tsallako, maza.” Ya sa mu a ɗakin uwargidansa, ni da Inna da mai ɗakina da yara biyu. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a bakin zaure ya zauna da carbinsa. Da dare aka kai mu barikin soja, inda muka tarar da ƴan’uwa da yawa.

Bayan wata biyu na zauna na rubuta labarin. Kwana uku na gama shi, alƙalamina bai taɓa gudu haka ba. Na sa hayaƙi, na sa kujerun majami’a da suka zama gawayi, na sa wani yaro da na taɓa koya wa lissafi yana riƙe da galan ɗin fetur. Duk abin da ke ciki na gani da idona, ko wanda ya gani ya faɗa mini.

Kafin in sake shi, na karanta wa Inna, don idonta ba ya ganin rubutun waya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ina Malam?”

Na ce, “Inna, in na sa shi labarin zai yi sanyi. So nake mutane su ji zafin abin da aka yi mana.”

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, “Waɗancan da na kira ƙarya, na janye. Wannan shi ne ƙaryar.”

Na kwana ina jayayya da ita a zuci. Ina ƙarya a labarin da kowace jimlarsa ta faru? Sai wajen asuba, ladan na kiran salla a masallacin unguwa, na yarda. Cikin Dokoki Goma akwai wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Mai shaida kuwa yana iya faɗin gaskiya zalla, ya danne guda ɗaya tak, a ɗaure marar laifi. Abin da na yi ke nan. Na cire mutum ɗaya, unguwa guda ta koma ta azzalumai. Har misalin Basamariye ya dawo mini: Yesu ya ba da matsayin mai jinƙai ga mutumin da masu sauraronsa ba sa ko ga maciji da irinsa. Ni kuwa an aiko mini nawa har bakin katanga, na goge shi don ya ɓata mini fushi.

Sake rubutun ya ci mini wata bakwai. Ban cire yaron mai galan ba, don yafewa ba ta ce a ɓoye ɓarna ba. Amma sai da na zauna na tuna shi a aji, yadda yake zuwa ba karin kumallo, na rubuta shi a matsayin ɗan mutane. Wannan ya fi mini wuya fiye da azumi.

Da na gama na kai wa Baba Malam shagonsa na karanta masa. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, “Mushe, ka mai da ni jarumi. Wallahi ran nan gwiwoyina rawa suke yi, shi ya sa na zauna. Ka rubuta haka.” Na koma gida na rubuta haka.

Har yau da dare nake rubutu, a wayar da fuskarta ta tsage. Addu’ata kafin in fara ba ta da tsawo. In na gama kuma, ba na sakin labari sai na ƙirga mutanen da ke ciki, na tambayi kaina wa na bari a waje, don me. Inna ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, amma ita nake fara karanta wa.