Baƙon da ke yaƙar mai gida

Jiya cikin shirinmu na lafiya wata uwa ta kira daga Tibiri. Ɗanta na da amosanin jini, ta ji dashen ɓargo na warkarwa, za ta saida gona. Munka yi shiru.

Gaskiya ne, yana warkarwa. Amma ɓargon na tahowa da dakarun mai shi, ƙwayoyin T. In sunka ɗauki jikin yaron abokin gaba, sai su saki sitokin, sinadarin kiran yaƙi, su afka wa fata, hanta da hanji, galibi cikin kwana 100 na farko. Shi ya sa lokotoro ke fara gwada ƴan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya. Kowanensu damar dacewa 1 cikin 4 ce.

Munka ce: Inna, a gwada jinin ƙannensa tukuna. Gonar ta jira.