Rarraba Sunaye a Gidajen Excel

A Gobir sunan mutum tafe yake da tarihinsa. Tun da aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, Gobirawa suka warwatsu: wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, wasu daga baya suka zauna Sabon Birni. Shi ya sa za ka iske gida guda, wa yana Nijar ana rubuta shi Mahamadou, ƙane yana Isa ana rubuta shi Muhammadu. Ga kuma al'adar jingina suna da gari, kamar ta Attahiru Bafarawa, gwamnan Sakkwato daga 1999 zuwa 2007, wanda sunan garinsu da ke ƙasar Isa ya zame masa inkiya. Duk wannan ba ya damun kowa a baki. Sai ranar da aka ce a zuba shi cikin kwamfuta.

Lokacin da nake malamin rajistar jarrabawa a wata sakandare ta yankinmu, Excel 2007 muke amfani da shi, a kan kwamfuta guda mai jiran janareta. Malaman aji kan kawo sunaye a dunƙule, kowane ɗalibi cikin gida ɗaya. Fom ɗin WAEC da na NECO kuwa gida uku suke so: sunan mahaifi, sunan yanka, da ƙarin suna. Da farko da hannu muke sake bugawa, har wani ɗan bautar ƙasa ya nuna mana Text to Columns. Ka zaɓi layin, ka ce a yanka duk inda aka ga tazara, kafin ka ƙifta ido sunaye sun rabu.

Murna ba ta daɗe ba, domin na'ura tazara kawai ta sani. A ce yaro sunansa Muhammadu Sani Abubakar Sabon Birni: sai ta yanka shi gida biyar, Sabon a nan, Birni a can, alhali Muhammadu Sani suna ɗaya ne, Sabon Birni kuma gari ɗaya. Haka Ɗan Galadima, haka Mai Damma, haka Unguwar Lalle. Idan kuma akwai rubutu a layin da ke dama, sai ta nemi hawa kansa. Dabarar da muka gano ita ce, kafin yanka, mu danna Ctrl da H mu ɗaure irin waɗannan kalmomi da karan ɗori, bayan an raba mu kwance. Muna fara wanke layin da TRIM, saboda tazara biyu a jere kan iya haifar da gidan da babu kowa. Sunan da ya fara da 'Yar kuwa, Excel kan haɗiye waƙafin saman, don a wurinsa alama ce cewa abin da ke biye rubutu ne, sai an buga shi sau biyu.

Haɗawa ta fi sauƙi. In za a fitar da jerin zama, sai mu rubuta =A2&" "&B2, ko mu kira CONCATENATE, mu ja ƙasa. Amma tilas a kwafe sakamakon a manna shi a matsayin rubutu zalla kafin a taɓa layukan asali, in ba haka ba duka ya watse. Hedimastanmu ya kafa doka: "Malam, layin da malaman aji suka kawo, kar a share shi ko da wasa." Sannan ya sa a kira ɗalibai, kowa ya duba nasa ya sa hannu.

A lokacin gani muke tsanani ne. Sai da BVN ya zo a 2014, sannan JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, muka gane hikimarsa. Wanda aka juya wa suna a takardar sakandare, shi ke yawon kotu neman takardar rantsuwa, banki ya ce ba shi ba ne, jami'a ta ce a gyaro.

Yau akwai Flash Fill tun Excel 2013, ka nuna misali ɗaya ya kwaikwayi saura, ga TEXTJOIN da TEXTSPLIT. Yaran da muka koyar su ke riƙe da jerin sunaye a asibitoci da wuraren rabon tallafi ga waɗanda rashin tsaro ya kora daga ƙauyukansu. Aikin ya yi sauri, amma har yanzu babu dabarar da ta san wanne ne sunan uba, wanne ne na gari. Wannan sai an tambayi mai sunan, kuma tun kafin a danna maɓalli.