Gurbin Tsoho a Sahu

A Kausani, ta ƙasar Wudil, akwai wani tsoho wanda ya saba tsayawa a sahun farko, daga hannun dama. Ran nan aka idar da sallar asuba ba a gan shi ba. Kafin hantsi liman ya aika yaro gidansa, aka tarad da shi kwance a zaure, ƙafa ta riƙe, ko buta ya kasa kai wa hannu. Da ba mai zuwa masallaci ba ne, wa zai lura?

To, amfanin fitar tsoho cikin jama'a ke nan. Wanda ake gani a suna da jana'iza da majalisa, ran da ya fashi sai a yi cigiyarsa. Zuwan kuwa kansa magani ne, gama kaɗaici yana karya jiki, yana kawo ruɗewa. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kan wannan al'amari a 2023.

A da, zamanin gandu, 'ya'ya da jikoki duk gida ɗaya suke. Yanzu samari suna Kano da Ikko, sai dai su aiko da kuɗi ta waya. Kuɗi ya sayi gero da magani, amma ba ya juya majinyaci bisa tabarma, ba ya yi masa wanka. Wannan yakan faɗa kan suruka, ko wata 'yar jika a hana ta makaranta. Tsofaffin mata su suka fi ban tausayi, don ba su da gurbi a sahu. Muddin tsohuwa ta daina zuwa biki da barka, sai ta yi mako kwance maƙwabta ba su sani ba.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kula da tsofaffi a 2018, akwai kuma gidan gajiyayyu a Shahuci cikin birnin Kano. Amma mutumin ƙauye abin kunya ne gare shi a ce ya kai ubansa can.

Shi dai tsohon nan, abokansa suka ɗauke majalisarsu daga gindin darbejiya suka mai da ita zaurensa. Ran Juma'a, in an taso daga kasuwar Wudil, a nan ake faɗa masa yadda aka sayar da shanu, shi kuwa yana kwance yana gardama wai an yi wa mai saye tsada.