Cinikin da aka fara da farashin ƙarshe

Dalijan, ƙasar Gwandu

Aminina Malam Usman,

Mu nan sai godiya, gero ya shiga rumbu, hankali ya koma fadama.

Maganar da muka fara a waya kati ya yanke mana ita ce ta hana ni sakat. Ka ce ECOWAS ba ta da zaɓi kan Nijar sai abin da ta yi. Ni kuwa har gobe ina ganin tun daga tayin farko aka ɓata cinikin.

Makon jiya na raka kawu sayar da bijiminsa. Mai saye ya taya, kawu ya ce albarka, ya kau da kai kamar ba shi ya kwana yana lissafin kuɗin taki ba. Dillali ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya dawo ya ja wancan. Da aka sallama, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba, dillali ya soke la'adarsa a aljihu. Duk tsawon cinikin kawu bai furta farashinsa na ƙarshe ba. Da ya rantse a bainar jama'a cewa ƙasa da kaza ba zai sayar ba, da sai dai mu koro sanmu gida, ko ya sayar cikin kunya.

To, irin wannan rantsuwar aka yi a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu da sojoji suka tsare Shugaba Bazoum. Wa'adin kwana bakwai, a mayar da shi mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke bi ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Kada ka ɗauka ina goyon bayan juyin mulki, tsare zaɓaɓɓen shugaba da iyalinsa zalunci ne. Amma wanda ya zare takobi ranar farko, me ya rage masa rana ta takwas? Shi ma Janar Tchiani, jagoran juyin mulkin, ya san in ya sauko bayan wannan tsawa, ba shi da sauran ido a barikinsa.

Sai daga baya aka tuna da dillalai. Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai a farkon Agusta, suka dawo ba su ga Tchiani ba. Sarki Sanusi ya je ya gan shi. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka zauna da shi, suka dawo da labarin cewa ya ji ciwon wa'adin da aka ba su ba tare da an ji ta bakinsu ba. Da waɗannan aka tura tun farko, a asirce!

Ga kuma gida bai goyi baya ba. Sanatocin Arewa suka ce ba su yarda da yaƙi ba, Majalisar Dattawa ta ce wa Shugaba Tinubu a bi ta sulhu. Yaya za a yi su yarda? Mutumin Kamba surukinsa na Gaya, Ba'aren Kangiwa danginsa na Dogondutsi. Ka san Say ma a da ƙarƙashin Gwandu take, kafin Ingila da Faransa su ja layinsu daga Say zuwa Barruwa a 1890, ba su tambayi kowa a nan ba. Barazanar da mutanen gidanka suka fito fili suka ƙi, ai abokin cinikinka ya riga ya san holoƙo ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wutar nan. Tun da daɗewa fahimtar da ke tsakani ita ce mu ba su lantarki, su kuma su bar ruwan Kwara ya gangaro wa Kainji. Yanzu an nuna musu ana iya kashe musu fitila rana ɗaya. Da wane baki za mu yi musu magana kan madatsar Kandaji da suke ginawa? Manoman shinkafa da masuntan Bagudo da Yawuri su ne za su fara ji a jikinsu.

Sauran ka sani. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ce sun fice daga ECOWAS. Ranar 24 ga Fabrairu aka janye takunkumin ba tare da an saki Bazoum ba, a Maris aka buɗe iyaka. Wata bakwai da ɗoriya motoci na jibge a bakin iyaka, kaya na lalacewa, kuma ko kwabo ba a samu kan tayin ba.

In ka zo hutun Sallah sai mu je Kamba ranar kasuwa, ka ji daga bakin direbobin da kansu. Ka taho mini da maganin idon nan na Inna, nata ya kusa ƙarewa. A gaishe da Hajiya da yara.

Naka,
Abubakar