TUKUNYA CIKIN TUKUNYA

Garin Kurfi yana bisa hanyar da ta taso daga birnin Katsina ta nufi Dutsin-Ma. Nan ne mazaunin Maraɗin Katsina, kamar yadda Dutsin-Ma take mazaunin 'Yandaka. Kudu da Dutsin-Ma akwai babbar madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka gama ginawa bisa kogin Karaduwa a shekarar 1983. Idan damina ta wuce, manoma sukan kafa lambuna a gefen ruwan nan, su shuka tumatir da tattasai da albasa. Da rani tumatir yakan cika kasuwa har ya rasa mai saye. Ga shi kuwa ba ya jimre wa zafi, kwana kaɗan sai ya ruɓe.

A Kurfi akwai wani yaro ɗan aji shida, wanda kawunsa ke da lambu kusa da Zobe. Kowane mako kawun yakan aiko wa uwar yaron da kwandon tumatir, ita kuwa ta kasa shi a faranti, ta ɗora wa ƙanwarsa talla. Da yake kayan ba ya jira, tilas yarinyar ta fita da shi tun da sassafe. Saboda haka sau da yawa sai an ci rabin darasi kafin ta iso makaranta, wata rana ma ba ta zuwa sam.

Ran nan malaminsu ya shigo aji ya ce, "Yara, nan da mako shida za a yi nunin ayyukan kimiyya a Dutsin-Ma. Kowace makaranta za ta kai aiki ɗaya. Me za mu kai?"

Aji ya kaure da surutu. Wani ya ce a ƙera jirgin sama da karan dawa, wani ya ce mota da gwangwani. Malam ya yi murmushi ya ce, "Waɗannan kayan wasa ne, suna da kyau kuwa. Amma aikin kimiyya da tambaya yake farawa. Kowa ya tafi gida ya duba abin da ke damun mutanen gidansu, gobe ya zo mini da tambaya guda."

Da yaron nan ya koma gida, ya tarar da uwarsa tana tsince ruɓaɓɓen tumatir tana zubarwa, ranta a ɓace. Ya nufi randa ya ɗebi ruwa ya sha, ya ji sanyi har cikin haƙoransa, alhali kuwa rana tana ƙuna. Ya tsaya riƙe da moɗa yana tunani. Washegari ya ce, "Malam, ga tambayata. Tun da randa tana sanyaya ruwa, ko za ta iya sanyaya tumatir ya daɗe bai ruɓe ba?"

Malam ya ce, "Madalla! Wannan ita ce tambaya." Sa'an nan ya ba su labarin wani malami mai suna Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse ta Jihar Jigawa. Shi jikan magina tukwane ne. Wajen shekarar 1995 ya fara yaɗa wata dabara a ƙauyuka, watau a sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma. A gwajin da ya yi, gauta da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27. Saboda wannan aiki aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Ya rasu a 2010, amma dabararsa ta bazu har ƙasashen waje.

Yaron ya ji jikinsa ya yi sanyi, ya ce, "Ashe an riga ni, Malam."

Malam ya ce, "Ko da an riga ka, ai ba ka gani da idonka ba. Mai kimiyya ba ya cewa 'an ce' ya tsaya nan. Yakan gwada, ya auna, ya rubuta. Gani ya kori ji."

Suka zauna suka raba makonni shidan nan a bisa allo. Mako na fari na rubuta tambaya ne da abin da suke zato zai faru. Na biyu na tara kaya. Na uku da na huɗu da na biyar na gwaji. Na shida kuwa na shirya abin da za a nuna wa jama'a. Malam ya ce, "Wanda ya bar aikinsa sai daren tafiya, ya zama mai kiwon akuya ranar kasuwa." Ya ba yaron sabon littafi, ya kuma ara masa ma'aunin zafi na makaranta, ya gargaɗe shi kada ya fasa.

Kakar yaron maginiya ce. Ya je ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Kaka, tukwane biyu nake so, babba da ƙarama."

Ta yi dariya ta ce, "Kai, maigidana, ko kishiya za ka yi mini ne kake tara tukwane?" Da ya yi mata bayani, ta ce ya dakata kwana biyar sai an gasa waɗanda ta gina.

Yaron bai iya haƙuri ba. Ya ɗauko bokitin roba, ya sa wata tsohuwar tukunya ciki, ya zuba yashi da ruwa. Kwana uku yana aunawa, zafin ciki da na waje kusan ɗaya. Ya kai wa Malam kuka. Malam ya kai shi gindin randar makaranta ya ce, "Shafa bayanta." Ya shafa, ya ji damshi.

Malam ya ce, "Jikin tukunyar ƙasa cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu. Idan iska ta buga shi sai ya zama tururi ya tashi. Ruwa kuwa ba ya zama tururi sai ya sami zafi, shi ya sa yake kwasar zafin tukunya ya tafi da shi. Haka gumi yake sanyaya jikinka. Roba ba ta da ƙofofi, ta ina ruwa zai fita?" Ya ƙara da cewa dabarar ta fi ci da rani da bazara, sa'ad da iska take busasshiya. Da damina iska ta riga ta ƙoshi da damshi, ba ta ɗaukar ruwa da sauri.

Da tukwanen Kaka suka fito, yaron ya wanke yashin rafi, ya shimfiɗa kaɗan a gindin babbar, ya zaunar da ƙaramar, ya cika kewaye da yashi, ya jiƙa shi sarai. Ya ajiye a inuwar zaure inda iska ke ratsawa. Sa'an nan ya zaɓi tumatir masu tauri ya sa a tukunya, ya bar nunannu a kwando.

Malam ya zo ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Ka yi son kai. In na tukunya sun daɗe, wa zai san ko sanyi ne ya taimake su, ko kuwa don ɗanyu ne tun farko? Gwaji kamar shari'a yake, sai an yi wa kowane ɓangare adalci." Suka ɗebi tumatir 20 daga kwando ɗaya, tsinkar rana ɗaya, girmansu da nunarsu daidai. Suka sa 10 a tukunya, 10 a kwando, duka a inuwa ɗaya. Bambancinsu guda kaɗai, watau tukunya.

Daga ran nan yaron yakan zuba wa yashi ruwa safe da maraice. Da azahar ya auna zafin zaure da na cikin tukunya, ya ƙirga waɗanda suka ruɓe, ya rubuta. Zafin zaure yakan kusa 40 a ma'auni, na tukunya kuwa yana ƙasa da shi nesa. Kafin mako ya cika, na kwando duk sun lalace. Na tukunya suna nan jawur.

Amma a rana ta tara aka yi suna a gidan maƙwabta. Yaron ya bi makaɗa, ya manta da yashi har kwana ya kewayo. Da ya auna, ya ga zafin tukunya ya hau, tumatir biyu kuma sun yi laushi. Gabansa ya faɗi. Zuciya ta ce masa, "Canza su da sababbi, ka rubuta lamba irin ta jiya. Wa ya gan ka?" Har ya ɗauki alƙalami. Sai ya tuna uwarsa za ta dogara da abin da ya rubuta ta zuba jarinta a tukunyar nan. In ya ɓoye abin da rashin ruwa ke yi, ita za ta yi hasara. Ya rubuta lambar yadda take, ya ƙara a gefe, "Ban zuba ruwa ba."

A mako na shida suka sami babban kwali, suka rubuta abu huɗu da manyan baƙaƙe: tambaya, yadda aka gwada, abin da aka gani, abin da aka koya. Yaron ya yi ta maimaita bayaninsa gaban 'yan aji, suna yi masa tambayoyi, har bakinsa ya daina rawa. Ranar tafiya aka naɗe tukwane da buhun algarara, ya rungume su a mota tun daga Kurfi har Dutsin-Ma.

Ɗaya daga cikin alƙalan nunin, wani dattijo, ya buɗe littafin yana bi layi layi, har ya zo kan rana ta tara. Ya ce, "Yaro, me ya faru nan?"

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, sakacina ne."

Dattijon ya ce, "Wannan layi ya fi sauran duka daraja. Shi ya nuna cewa ruwan da ke tashi ne yake kawo sanyi. Shi ne kuma ya sa na gaskata sauran abin da ka rubuta."

Makarantarsu ta zo ta biyu. Wata makaranta da ta yi matatar ruwa da yashi da gawayi ita ta zo ta ɗaya. A hanyar komowa Malam ya nuna masa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, ya ce, "Manyan da ke ciki ma haka suke yi, tambaya, gwaji, rubutu. Kayan aikinsu ne kawai suka fi naka."

Uwar yaron ta sa Kaka ta gina mata manyan tukwane huɗu. Tun da tumatir ya daina gaggawar ruɓewa, aka mai da talla bayan an taso daga makaranta. Da safe kuwa sai ka ga yaron da ƙanwarsa sun zuba wa yashi ruwa, sun rataya jaka, sun kama hanya tare kafin a buga ƙararrawa.