Yashicar Kawu



Tun da muka fara sa tsofaffin hotunan dattawanmu na Agege a wannan shafi, tambayar da ta fi yawa ita ce wa ya ɗauke su, kuma da me. Yawancinsu aikin marigayi kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Fataucin goro ya kawo shi Legas, ya ƙare a mai hoto. Kyamararsa ɗaya ce tal har ya bar sana'ar: Yashica Electro 35 GSN, ƙirar Japan. Tana hannuna yanzu, bayan na sha gabanta saura ƙiris a haɗa ta da tsohon risho a miƙa wa 'yan gwangwan.

Kamfanin Yashica ya fara fitar da Electro 35 a 1966, samfurin GSN kuma ya fito a 1973. Ƙarfe ce zalla, nauyinta ya haura rabin kilo, idan ka rataya ta yini guda wuyanka zai ba ka labari. A 1983 kamfanin Kyocera ya haɗiye Yashica.

Tana cikin dangin kyamarorin da ake kira masu auna nisa. Ba ta cikin babban gilashin gaba kake kallo ba. Akwai 'yar taga a sama da kake leƙawa, da wata ƙarama a gefenta wadda madubi ke turo hotonta cikin ta farko. A tsakiyar tagar za ka ga ɗan tabo rawaya, a cikinsa fuskar mutum ta rabu biyu, kamar mai ganin garara. Sai ka riƙa murza zoben gilashin har fuskokin su hau kan juna su zama ɗaya. Da sun haɗu, an samu nisa, hoto zai fito tar. Kawu kan yi wannan kafin ka gama gyara hularka. Illar tsarin ita ce, ko murfi na kan gilashin, tagar za ta nuna maka komai lafiya lau, sai an wanke fim a tarar da baƙi ƙirin.

Abin da ya sa na ce ta yi wa al'ummarmu rana shi ne gilashinta, mai milimita 45, wanda ke buɗewa har 1.7. Wato yana shan haske sosai. Kai ne za ka zaɓi faɗin ƙofar hasken, ita kuma ta zaɓi tsawon lokacin da za ta bar ta a buɗe, daga kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa har kusan daƙiƙa 30. Jar kibiya ta kunna, haske ya yi yawa. Rawaya ta kunna, ya yi kaɗan, ka kafe hannunka ko ka nemi abin dogarawa. Kuma ba ta da ƙara, ɗan "ƙis" ne kawai. Shi ya sa kawu ke iya zama a lungun zaure ana ɗaurin aure, ko a rumfar goro da la'asar sakaliya, ya ɗauka ba filasha, ba wanda ya ankara. Ku sake duba hotunan nan. Babu mai ƙamewa kamar soja. Wani yana dariya, wani yana ƙirga huhun goro, wani barci ma ya ɗauke shi. A ganina hotunan situdiyo na wancan zamani, masu labule da furen roba, ba su kama ƙafar waɗannan ba.

Fim ɗaya hoto 36 ne, kowanne kuɗi ne. Ba a yi ta dannawa kamar yadda muke yi da waya.

Na san akwai irinta a akwatunan gidajenmu da dama, don haka ga abin da za a duba. Batirinta na asali mai sinadarin makuri ne, an daina yin sa, amma ƙaramin batir mai bolt 6 yana tayar da ita idan aka yi masa ciko. Akwai wata 'yar roba a cikinta da ke ruɓewa da tsufa. Idan ka ja hannun naɗe fim ka ji "ƙwas", tana nan da ranta. Idan shiru, sai an kai wa mai gyara. Danshin Legas kuma yana sa gilashin ya yi fumfuna, a fito da ita daga jakar fata a ajiye inda iska ke shiga.

Abu mafi muhimmanci, don Allah kada wanda ya yi gaggawar buɗe bayanta. Ka fara juya ɗan hannun mayar da fim da ke saman hagu, a hankali. Idan ka ji yana turjewa, akwai fim a ciki, watakila ɗauke da fuskokin mutanen da ba su da wani hoto a duniya. Haske na daƙiƙa ɗaya ya isa ya ƙona su. Wanda ya samu haka ya bar ta a rufe, ya zo da ita ranar taron wata, mu nemi mai wankewa tare.